A92.31: Yadda Cizon Sauro Ke Zama Lamba, Lambar Kuma Ta Zama Kuɗi

A kowane babban asibiti na Amurka akwai wata ma'aikaciya da majinyaci ba ya haɗuwa da ita. Ba ta riƙe allura, ba ta shiga ɗakin tiyata, sau da yawa ma daga gidanta take aiki a gaban kwamfuta. Bayan an sallami marar lafiya, ko Allah Ya yi masa rasuwa, fayil ɗinsa kan zo hannunta da duk abin da ke ciki: bayanan likitoci, sakamakon gwaje-gwaje, rahoton sallama. Aikinta ta karanta duka, ta mayar da jinyar mako uku zuwa jerin haruffa da lambobi da ba su cika layi ashirin ba. Da wannan jerin ne asibiti ke neman kuɗinsa a wurin kamfanin inshora ko gwamnati.

A ƙaddara fayil ɗin da ke gabanta na wani dattijo ne ɗan shekara 70 daga gefen birnin Dallas a jihar Texas. A cikin watan Agusta ya saba fita ban-ruwan shukokinsa da magariba. Wata rana ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai, bayan kwana uku ya fara ruɗewa har ya kasa gane jikarsa, ƙafarsa ta hagu kuma ta saki. An kwantar da shi, an ɗebi ruwan lakarsa, an aika gwaji. A rahoton sallama likita ya rubuta cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne wanda ƙwayar bairos ta haddasa, ba a tantance wacce ba. Kwana biyu bayan an tura shi cibiyar gashi da motsa jiki, sai sakamakon gwaji ya iso, yana nuna alamar bairos ɗin Yammacin Nilu.

Amsar tana gaban mai sanya lambar, baƙi a kan fari, amma ƙa'idar aikinta ta hana ta amfani da ita. Dalilin wannan hani, da abin da ke rataye a kansa, su ne batun wannan rubutu.

Cutar da ta zo da mutuwar hankaki

An fara gano bairos ɗin ne a 1937 a jinin wata mata mai zazzaɓi a gundumar Yammacin Nilu ta ƙasar Yuganda, daga nan ya samo sunansa. Asalin zamansa tsakanin tsuntsaye da sauro ne, musamman sauron da masana ke kira Culex, wanda ke cizo daga magariba zuwa asuba. Mutum da doki ’yan tsautsayi ne a wannan zagaye, domin sauron da ya ciji mutum mai cutar ba ya kwasar abin da zai isa ya harbi wani.

Har zuwa 1999 ba a san cutar a nahiyar Amurka ba. A ƙarshen Agustan shekarar wata likita a unguwar Queens ta birnin New York, Deborah Asnis, ta sanar da hukumar lafiya ta birnin cewa tana da tsofaffin majinyata masu kumburin ƙwaƙwalwa haɗe da mutuwar gaɓoɓi irin wadda ba ta saba gani ba. Gwajin farko ya ce kumburin ƙwaƙwalwa ne na St. Louis, cutar da Amurkawa suka daɗe da sani. A daidai lokacin hankaki na ta faɗuwa matattu a titunan birnin, kuma likitar dabbobi ta gidan namun dajin Bronx, Tracey McNamara, ta nace cewa cutar St. Louis ba ta kashe tsuntsaye haka. Kafin ƙarshen Satumba aka tabbatar baƙo ne ya shigo. A shekarar an ƙidaya mutum 62 da suka kamu, bakwai suka mutu. Cikin ’yan shekaru ta ratsa ƙasar har gaɓar tekun yamma. A 2012 kaɗai an sami rahoton mutum 5,674, da mace-mace 286, har ta kai ga feshin maganin sauro da jirgin sama a kan Dallas.

Yawancin waɗanda sauron ya harba, kimanin takwas cikin goma, ba sa jin komai. Kimanin ɗaya cikin biyar kan yi zazzaɓi da ciwon jiki su warke. Kusan ɗaya cikin 150 ne bairos ɗin ke ƙetare shingen da ke kare ƙwaƙwalwa, ya jawo kumburinta, ko sanƙarau, ko shanyewar gaɓa mai kama da shan inna idan ya taɓa laka. A cikin waɗannan, kimanin ɗaya cikin goma ba ya tashi. Babu maganin da ke kashe bairos ɗin, babu rigakafin mutane, ko da yake dawaki suna da nasu. Abin da asibiti ke iyawa shi ne riƙe ran majinyaci da ƙarin ruwa da na'urar numfashi har jiki ya yi nasa yaƙin, kuma irin wannan riƙon yana cin kuɗi mai yawa.

Kundin da aka yi domin matattu

Lambobin da mai sanya lamba ke aiki da su ba domin kuɗi aka ƙirƙire su ba. Asalinsu ƙidayar mace-mace ne. A 1893 wani Bafaranshe masanin ƙididdiga, Jacques Bertillon, ya gabatar da jerin dalilan mutuwa a wani taro a Chicago, domin birane da ƙasashe su riƙa kiran cuta ɗaya da suna ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar kundin a 1948, a bugu na shida, ta shigar da cututtukan masu rai. Shi ne ake kira ICD. An amince da bugu na goma a 1990, na goma sha ɗaya kuma ya fara aiki a Janairun 2022.

Amurka ta ɗauki kundin ta faɗaɗa shi domin bukatar asibitocinta. Ta daɗe a kan bugu na tara mai lambobi kimanin 14,000, sai ranar 1 ga Oktoba 2015 ta koma ICD-10-CM mai lambobi kusan 70,000. Tarihin lambar Yammacin Nilu ya nuna yadda kundi ke bin bayan annoba a guje. Majinyatan 1999 ba su da lamba tasu, an zuba su ne cikin kwandon sauran zazzaɓin sauro. Sai a 2002 cutar ta sami lamba, a 2004 aka raba ta gida huɗu domin a bambanta mai zazzaɓi kawai da wanda cutar ta taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Wannan rabon ne ya wanzu har yau. A92.30 na nufin cutar ba tare da ƙarin bayani ba. A92.31 ita ce cutar haɗe da kumburin ƙwaƙwalwa. A92.32 ta wanda cutar ta taɓa wani ɓangare na jijiyoyinsa ne, kamar jijiyar gani ko jijiyoyin fuska, kuma kundin ya ce a ƙara wata lamba da za ta fayyace wace illa ce. A92.39 ta sauran matsaloli ce. A kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda yawancin ƙasashe ke amfani da shi, duk huɗun lamba ɗaya ce, A92.3.

Akwai tarko a nan da ke kama sabon hannu. Kundin yana da rukuni na musamman, A83, mai taken kumburin ƙwaƙwalwa na bairos da sauro ke yaɗawa. A ciki akwai na Japan a A83.0, da nau'o'i biyu na cutar dawaki a A83.1 da A83.2, da na St. Louis a A83.3. Hankali zai ce nan ne gidan dattijon Dallas, amma wata ’yar sanarwa a ƙarƙashin taken ta fitar da Yammacin Nilu daga rukunin, ta tura mai nema zuwa A92.3. Dalilin tarihi ne. Lokacin da aka tsara kundin an fi sanin cutar da zazzaɓi, don haka aka ajiye ta tare da chikungunya a A92.0 da zazzaɓin Rift Valley a A92.4. Cututtuka biyu da suka yi kama har suka ruɗi manyan ɗakunan gwaji a 1999 suna zaune a shafuka dabam-dabam.

Inda kuɗi ya shigo

Kafin 1983 shirin Medicare, wato inshorar gwamnatin tarayya ta ’yan shekara 65 zuwa sama, yana biyan asibiti gwargwadon abin da ya kashe. Wanda ya daɗe da riƙe majinyaci shi ya fi samu. A shekarar aka sauya zuwa wani tsari da Robert Fetter da John Thompson suka ƙirƙira a Jami'ar Yale, mai suna DRG. Kowace kwanciya ana jefa ta cikin rukuni ɗaya bisa lambobin cutar da ayyukan da aka yi, kowane rukuni kuma yana da kuɗinsa ƙayyadadde, ko an yi kwana biyar ko goma sha biyar. A 2007 aka ƙara tace tsarin, aka raba rukunai da yawa mataki uku: mai babbar matsala ta biyu, mai matsakaiciya, da marar ko ɗaya.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Daga ranar kalmar da likita ya zaɓa ta zama kuɗi. Wanda aka rubuta masa zazzaɓin bairos yana faɗawa rukunin cututtukan bairos na gama-gari. Wanda aka rubuta masa kumburin ƙwaƙwalwa yana faɗawa rukunin cututtukan da ke kama jijiyoyi, mai kuɗi mafi tsoka. Idan numfashinsa ya gaza, likita kuma ya rubuta gazawar numfashi da sunanta, kwanciyar ta hau matakin sama. Idan abin da ya rubuta kawai shi ne an ƙara masa iska, mai sanya lamba ba ta da abin kamawa, asibitin kuma ya yi aikin da ba za a biya shi ba.

Ayyukan likitoci da gwaje-gwaje suna da nasu kundin, CPT, mallakar ƙungiyar likitocin Amurka, wadda ta fara buga shi a 1966. Ɗiban ruwan laka domin gwaji shi ne 62270. Gwajin sinadarin kariya na IgM na Yammacin Nilu shi ne 86788. Kamfanin inshora yakan ɗora lambar aiki kusa da lambar cuta ya duba ko ta biyun ta halatta ta farkon. Idan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa mai tsada, lambar cuta kuwa ta ce zazzaɓi ne kawai, kwamfuta kan ƙi biya kafin wani ɗan Adam ya kalli takardar. Daga nan ake fara wasiƙu da ɗaukaka ƙara, wani lokaci takardar bashi ta isa gidan majinyaci yana kan koyon tafiya.

Abin da ba a rubuta ba

A koma ga fayil ɗin dattijon. Ƙa'idar farko ta wannan sana'a ita ce mai sanya lamba ba ta gano cuta. Sakamakon gwaji, komai bayyanarsa, ba ya zama lamba sai likitan da ya kula da majinyacin ya fassara shi da alƙalaminsa. Wannan yana da dalili na ilimi. Bairos ɗin Yammacin Nilu ba ya daɗewa a jini, shi ya sa ake neman sawunsa, wato sinadarin kariya da jiki ya ƙera. Sawun kuwa yana iya ruɗarwa. Yammacin Nilu da St. Louis da dengue da Zika da shawara duk ’yan gida ɗaya ne, gwajin ɗaya na iya amsawa ga ɗan'uwansa. Mutumin da ya yi rigakafin shawara kwanan nan, kamar matafiyin da ya karɓi katin nan ruwan ɗorawa kafin ya tashi daga Kano ko Yamai, gwajin jininsa na iya nuna alamar da ba ta Yammacin Nilu ba ce. Kuma sinadarin yana iya zama a jini wata da watanni, ya zama shaidar cizon bara. Warware wannan sai likita, wani lokaci da ƙarin gwaji a ɗakin binciken gwamnati.

Abin da ya rage mata shi ne ta aika wa likitan tambaya a rubuce. Tambayar ma tana da ladabinta. Ba za ta ce masa ya rubuta Yammacin Nilu ba, ba kuma za ta ambaci kuɗi ba. Za ta jera abin da ke cikin fayil, ruɗewa da sakin ƙafa da sakamakon ruwan laka, ta tambaye shi ko zai iya fayyace musabbabin kumburin, ta bar masa zaɓi har da cewa ba a iya tantancewa ba. Idan ya amsa ya ƙara bayani a fayil, lambar ta zama A92.31. Idan ya yi shiru, dattijon zai shiga tarihi da A86, kumburin ƙwaƙwalwa na bairos da ba a fayyace ba.

Akwai wata ƙa'ida mai ban mamaki. Ga majinyacin da aka kwantar, idan likita ya rubuta a rahoton sallama cewa ana zaton cuta kaza ce, ko mai yiwuwa ita ce, ana sanya mata lamba tamkar an tabbatar, domin asibiti ya kashe kuɗi a kan wannan zaton. Ga wanda ya zo ya koma gida a ranar, ba a sanya wa zato lamba, sai dai alamomi kamar zazzaɓi da ciwon kai. Kalma ɗaya daga bakin likita ɗaya tana da hukunci biyu, ya danganta da ko an ba majinyaci gado.

Ƙarawa kuma haɗari ne kamar ragewa. Asibitin da ya saba ɗaga lamba sama da abin da fayil ya nuna yana iya faɗawa hannun wata doka ta 1863, wadda aka yi lokacin yaƙin basasa domin ’yan kwangilar da ke cutar sojoji. Dokar ta ba gwamnati damar karɓar ninki uku na abin da aka ci, ta kuma ba wanda ya tona asiri kaso. Mai sanya lamba tana tsakanin shugabannin da ke son kuɗi su shigo da masu binciken da ke neman kuskure, abin da ke kare ta kawai shi ne rubutun likita.

Zika da darajar lamba

Annobar Zika ta nuna cewa lamba tana ɗauke da abin da ya wuce kuɗi. A ƙarshen 2015 likitoci a arewa maso gabashin Birazil suka ga ana haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna fiye da yadda aka saba. Ranar 1 ga Fabrairu 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci. A Oktoban shekarar Amurka ta ba Zika lambarta, A92.5, tare da umarni na musamman: ba a sanya ta sai likita ya ce an tabbatar, ko da majinyacin a kwance yake. An cire Zika daga ƙa'idar zato, kamar yadda aka cire cutar HIV tun da farko. Idan zato ne kawai, sai a sanya alamomi, ko Z20.821, wadda ke nufin ana jin an yi cuɗanya da cutar. Lambar da aka maƙala wa mace mai ciki bisa zato tana iya bin ta da jaririnta shekaru, tana kuma iya kumbura ƙididdigar ƙasa da cutar da babu ita.

Illolin Zika ma sun warwatsu cikin kundin. Ƙanƙancewar kan jariri Q02 ce. Jaririn da aka haifa da cutar ya sami lambarsa, P35.4, a 2018. Baligin da garkuwar jikinsa ta juya ta afka wa jijiyoyinsa bayan cutar, abin da ake kira Guillain-Barré, yana G61.0. Mai binciken da ke son sanin abin da Zika ta yi wa mutane sai ya haɗa waɗannan da kansa, kuma ba zai iya ba sai masu sanya lamba sun ɗaura kowace illa a kan musabbabinta.

Ƙidayar masu Yammacin Nilu a Amurka ba daga takardun biya take fitowa ba. Tana fitowa ne daga rahotannin da likitoci da ɗakunan gwaji ke kai wa hukumomin lafiya na jihohi, su kuma su zuba a ArboNET, rumbun da hukumar CDC ta kafa a 2000. Amma tambayoyin da ke biyo bayan ƙidaya, nawa jinya ta ci, mutum nawa suka koma asibiti, nawa suka ƙare a gidan kula da tsofaffi, amsarsu tana cikin lambobin biya. Da irin waɗannan alƙaluma ake shawo kan majalisa ta ware kuɗin feshi, ko kamfani ya ga ko rigakafi zai biya kuɗin ƙera shi.

Inda babu lambar da za a sa

Wannan bairos ɗan Afirka ne, danginsa ma suna nan. A 2016 zazzaɓin Rift Valley, wanda shi ma yakan taɓa ƙwaƙwalwa da ido, ya ɓarke a tsakanin makiyaya a jihar Tawa ta Nijar. Amma a yawancin asibitocin yankin, zazzaɓi da ruɗewa suna da suna biyu da aka tanada: maleriyar da ta hau kai, ko sanƙarau. Duka biyun gaskiya ne, suna kisa, kuma daidai ne a fara da su. Matsalar tana ga wanda gwajin maleriyarsa bai nuna komai ba, maganin sanƙarau bai yi masa aiki ba, ya tashi da shanyayyiyar ƙafa ko bai tashi ba. Gwajin da zai ambaci sunan bairos ɗin sai a manyan ɗakunan bincike ƙalilan. A rajista za a rubuta masa ɗaya daga cikin sunayen biyu, kuma a ƙididdiga cutarsa ba ta taɓa faruwa ba.

Batun zai ƙara nauyi yayin da inshora ke yaɗuwa. Gana ta fara biyan asibitoci da nata tsarin DRG tun 2008. Nijeriya ta yi dokar 2022 da ta kafa hukumar NHIA ta kuma wajabta inshorar lafiya. Duk inda wani ke biya a madadin majinyaci, zai nemi a gaya masa sunan cutar a taƙaice, kuma sunan da aka fi biya cikin sauƙi shi za a fi rubutawa. Darasin Amurka a nan mai kaifi biyu ne. Ɗaura kuɗi a kan lamba ya sa likitoci rubuta bayani dalla-dalla, ya kuma haifar da rundunar ma'aikata a ɓangarori biyu da ba su da aiki sai jayayya a kan kalmomi.

Shi kuwa dattijon Dallas, a ce likitansa ya amsa tambayar bayan kwana huɗu, ya ƙara layi ɗaya a fayil. Lambar ta koma A92.31, aka aika takarda, Medicare ta biya. Bayan wata shida ya zo asibiti da sandar dogarawa, bairos ɗin ya daɗe da barin jikinsa, ƙafar ba ta dawo daidai ba, yana kuma mance sunayen mutane. Wata mai sanya lambar dabam, a wani gari, za ta buɗe fayil ɗin. Za ta fara da lambar raunin ƙafa da ta mantuwa, sannan ta bi su da B94.1, wato abin da kumburin ƙwaƙwalwa na bairos ya bari. Wannan lambar ce za ta gaya wa mai biya cewa gashin ƙafar da ake nema ba na tsufa ba ne, kuma ba za ta iya sanya ta ba sai likitan ranar ya rubuta cewa raunin daga ciwon watan Agusta ya samo asali.